Hadarin da Na Tura Yamma

Har yau ba a taɓa riga ni ganin hadari ba a layinmu na Manawashi a nan Gombe. Sana'ata ce ta sa. Gumin shinkafa nake yi: a kawo mini shanshera, wato shinkafa da ƙaiƙayinta, daga Dadin Kowa, in jiƙa ta ta kwana, in turara a rabin duro, in baza a tamfol a filin ƙofar gida ta sha rana, sannan a kai inji. Mai shanya a waje da damina idonta ɗaya yana kan shinkafa, ɗaya yana sama. In ruwa ya doki gumi bai bushe ba sai ya yi tsami, ya kakkarye a inji, ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci.

Kowane lokaci da irin hadarinsa. Na bazara mafaɗaci ne, iskarsa ta fi ruwansa. Sai an yi kwana da kwanaki ana zafin da ko ganyen darbejiya ba ya motsi, sannan wata iska mai laima ta fara shigowa ta kudu, ki ji jikinki yana danƙo. Da azahar gajimare ya tsiro a bayan dutsen Liji, fari kamar tulin auduga, yana hawa kansa yana hawa, har samansa ya baje kamar faifai, gindinsa ya yi baƙi. Shi ke yaye wa mutane kwanon rufi. Na marka ba ya faɗa da kowa, rufe gari yake ya yi ta tsiyaya har kayan ɗaki su yi wari. Na ƙarshen damina kuwa, in gero ya fara fitar da kai, matafiyi ne. A jere yake zuwa, bango guda daga kudu zuwa arewa, da cida da walƙiya, ya zuba abin da zai zuba ya miƙe yamma ta hanyar Bauchi kamar wanda aka aika. Inda yake zuwa ban taɓa tambaya ba.

Kakata ta bar mini wani abu. In hadari ya taso kina da shanya, ki ɗauko taɓarya ki kwantar da ita a tsakar gida kanta yana kallon yamma, ki ɗebi toka a murhu ki watsa wa gabas, ki ce, da ikon Allah wuce gaba, gaba akwai masu so. Limamin layinmu ba ya so, ya taɓa aikowa a gaya mini. Na ce a gaya masa roƙo nake yi, ban ce sama tawa ce ba. Wani lokaci ruwan ya zo duk da haka. Amma sau da yawa ya ratse, kuma mutane da idonsu suka gani. Masu biki sun sha aiko mini da goro ranar ɗaurin aure in gabas ta fara canza fuska.

Mata biyu ne a kusa da ni. Ɗaya Babarbariya ce da ke haya a ɗakin waje na gidana. Rikicin Borno ne ya koro ta, mijinta kuwa tun fitowarsu ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Ni na koya mata gumi, muna shanya a fili ɗaya. Da yake ni Bafulatana ce, ba ta da aiki sai ce mini baiwar Barebari, ni kuma in ce mata baiwa ba ta haya a gidan uwargijiyarta sai ta lalace. Ɗayar Malama ce, katanga ɗaya ta raba mu. 'Yar wajen Kaltungo ce, Kirista, ta koyar a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya. Ita Goggo take ce mini kamar kowa, in kuma tana son tsokana ta ce gwamnar sama.

Sai kuma yarinyar nan. 'Yar farina ce, don haka sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Haka muka taso. Da na yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, ta girma tana ce mini Adda kamar ni yayarta ce. Ba na zama a inda ake yabonta, ba na tambayar lafiyarta a gaban mutane. Ta yi karatun nas, ta yi aiki a asibiti a nan garin, daga baya ta samu aiki a wani tsibiri can hayin babban teku, ta tafi ta bar mijinta da yara a unguwar Arawa kafin a gama musu takardu. Malama ce ta bayyana mini tsibiri. Ta ce ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Na ce to in abu ya taso ina ake gudu? Ta yi dariya ta ce ai ba abin da zai taso.

A ƙarshen markar wannan shekarar na sayi shanshera mai yawa, fiye da yadda na saba. Ranar da na baza kashin farko, wata Juma'a ce, rana ta fito tas da safe. Kafin maza su sauko daga masallaci gabas ta yi baƙi ƙirin. Irin matafiyin nan ne, amma ban taɓa ganin mai faɗinsa ba. Cida ba ta tsayawa, kamar ana mirgina duro a kan dutse. Shinkafa kuwa da sauranta, ko rabin bushewa ba ta yi ba. Na kwantar da taɓarya, na watsa toka, na faɗi abin da nake faɗa. Iska ta zo ta ɗaga bakin tamfol, yayyafi ya ɗiga kamar ana yarfa hannu, sai bangon nan ya tsage. Rabi ya bi ta kudu, rabi ya bi ta kanmu bai sauke ba, suka haɗe a yamma suka wuce. Babarbariya ta yi guɗa. Malama ta leƙo ta katanga ta ce gwamna ta ba da oda. Ni kuwa na koma juya shinkafata da ƙafa, amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Wata bai ƙare ba yarinyar nan ta bugo waya. Da la'asar ne, su a can hantsi. Bayan gaisuwa ta ce an sanar da su wata babbar guguwa tana tahowa daga cikin teku, ana ta buga katako a tagogi, an ce duk ma'aikatan asibiti su tattaro su kwana a wurin aiki. Ta ce in na ji shiru kada in damu, waya ce za ta yanke. Akwai mata a tsakar gida suna auna shinkafa, suna ji. Na ce mata to, Allah ya sawwaƙe, a gaida mutanen wurin. Na kashe na ci gaba da awo.

Da matan suka watse na zaga gidan Malama, wai na zo aron rariya. Ta riga ta ji a rediyo. Na ce mata ni abin da ban gane ba, mene ne guguwa a cikin ruwa, ai guguwa ƙura take ɗiba. Malama in aka tambaye ta abu sai tsohon aikinta ya motsa. Ta ɗauko ƙwarya ta kife, ta ciro gawayi. Ta ɗiga nan ta ce Gombe, ta ja layi ta ce nan ƙasa ta ƙare, duk wannan farin teku ne, ta ɗiga wani ɗan tabo kamar ƙwayar gero ta ce ga tsibirin.

Ta ce da rani ba a yin irin wannan guguwa, don ruwan teku bai yi ɗumi ba. Sai ya sha rana wata da watanni, a ƙarshen damina, ya zama kamar ruwan wankan jego. To in hadari ya faɗo kansa a lokacin, sai ya yi ta shan tururi. Tururin ya hau sama, iska ta rugo ta kowane gefe ta cike wurin da ya bari, kuma da yake duniya juyawa take, sai abin ya kama juyawa kamar ana dama kunu a babbar tukunya. Tsakiyarsa rami ne, shiru, gefensa kuwa yana tuge bishiya. Wannan ban sha wahalar ganewa ba. Wadda ta shekara da shekaru a kan duron gumi ta san abin da tururi ke yi in ya samu wuta a ƙarƙashi.

Na ce to shi hadarin daga ina yake faɗowa tekun?

Ta sa gawayin a kan ɗigon Gombe ta ja shi yamma, ya ratsa ƙwaryar har bakin farin. Ta ce, "Ai namu ne, Goggo. Irin wanda ke wuce mu da ƙarshen damina. Ya bi ƙasa ƙasa har ya kai teku. Ɗanmu ne, can yake girma."

Tana faɗa tana murmushi, don a wurinta abin sha'awa ne. Na tambaye ta yana daɗewa a hanya? Ta ce kamar mako biyu, ko ya ɗara ko ya gaza. Na lissafa Juma'o'i a raina. Na tashi na ce mata sai anjima. Ta biyo ni da rariyar har ƙofa, na manta da ita.

Washegari wayar ta yanke kamar yadda aka ce. Ni ban iya karatu ba, amma na san inda ake danna hotonta. In na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu sai in danna, wata mata ta yi ta magana da Turanci, in kashe. A talabijin ɗin Malama an nuna abin daga sama, fari, zagayayye, da ɗan rami a tsakiya, ya rufe tsibirin ruf har ba a ganin ƙwayar geron. Daga baya aka nuna kwanon gidaje yana tashi kamar ganye, da jiragen ruwa a kan titi. Ba a nuna asibiti ba. Na ce wa Malama ta rage ƙarar, kaina ke ciwo.

Mutane suka fara shigowa jaje tun ba a ce an mutu ba. Kowa ya ce Goggo an ji labarinta? In ce tana can dai. Wata ta ce kai, Fulani da taurin rai. Mijin yarinyar nan yana Arawa, kuɗin keke mai ƙafa uku ne kawai tsakaninmu, amma suruka ba ta zuwa gidan suruki ta tsaya tana tambayar 'yar fari. Malama ce ta riƙa zuwa, ta dawo ta tsaya a bakin katanga ta girgiza kai, ni kuma in ɗaga mata hannu kamar gaisuwa muke.

Tuwo ya daina wuce mini. Babarbariya ta lura. Wata rana da azahar ta shigo da kwanon burabusko ta dire a gabana, ta zauna ta tsare ni. Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Ci, Bafulatana. Ni na san irin wannan zaman, ba a yin sa da yunwa." Ranar ba ta ce baiwa ba. Na ci loma kaɗan don ta tashi.

Aiki kuwa ba ya jira. Sauran shansherar tana jiƙe, in ba a turara ba ta tsiro. Muka hura wuta, muka turara, da safe muka baza, nawa ya ci fiye da rabin filin, nata yana gefe ta wajen zaure. Tun da hantsi na san ranar ba ta gaskiya ba ce. Zafin ya yi nauyi, kaji sun buɗe baki, hayaƙin murhu ya ƙi tashi sai bin ƙasa yake. Bayan azahar audugar ta tsiro a bayan Liji. Ina kallo ta hau, ta baje, ta haɗe da 'yan'uwanta hagu da dama har suka zama bango. Cida ta fara daga nesa.

Babarbariya ta dubi sama ta dube ni. Da ta ga ban motsa ba sai ta shiga da kanta ta ɗauko taɓarya, ta ɗebo toka a murfin kwano ta kawo gabana. Ta ce baiwa, tashi ki yi aikinki. Na ce ta mayar. Ta zaci wasa nake. Ta ce shinkafar nan ita ce cinta har kaka, in ina fushi da wani ne in bari sai gobe. Na ce ta mayar da taɓaryar turmi.

Malama tana kwashe shanyar tufafi, ta ji mu. Ta zagayo da zannuwa a kafaɗa. Ta dubi tokar, ta dube ni, sai na ga fuskarta ta canza. A nan ta gane abin da na ɗauka daga ƙwaryarta. Ta ce Goggo, don Allah. Ta ce hadari nawa ke wucewa a shekara, yawancinsu a hanya suke mutuwa, wasu su faɗa teku su watse, ba wanda ya isa ya ce wannan ne ya zama wancan. Ta ce da ta san haka zan ɗauka da ba ta taɓa gawayin nan ba.

Na ce, "Na ji, Malama. Ni ma ban ce taɓaryata ta fi ƙarfin teku ba. Amma da, in na ce wuce gaba, ban san kowa a gaba ba. Yanzu na sani."

Babarbariya ta tsaya da murfin kwanon a hannu, sannan ta juya ta zubar da tokar a gindin katanga. Na ce a fara kwashe na Barebari.

Iskar farko ta iso da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Muka kama bakin tamfol ɗinta na farko mu uku, muka tattaro shinkafar tsakiya, muka ja. Tsofaffi uku da tamfol cike da ɗanyen gumi, ga iska tana cika shi tana neman ƙwacewa. Ɗankwalin Malama ya tafi, ba ta bi shi ba. Muka shigar da na farko zaure, muka dawo muka ja na biyu. Matan layi biyu suka fito taimako, amma kwanon wani gida ya fara ɗagawa yana bugawa, suka koma kan 'ya'yansu. Muna kai na biyun bakin zaure na ji ƙarar ruwan yana tahowa a kan rufin gidajen gabas, gida bayan gida. Nawa ko gefe ɗaya ba mu naɗe ba.

Suka ja ni zaure na ƙi. Na tsaya a filin. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya daki shinkafar har tana tsalle, ya tara ta a lungun tamfol, ya fara janta zuwa kwata, daga kwata sai kwarin bayan layi. Ina kallon ta tana tafiya. Abin da nake cewa a raina shi ne, zuba nan, ƙare a nan, kada ka rage komai. Tsawa ta faɗi kusa har ƙasa ta amsa. A cikin wannan ƙarar, inda ko ni da ƙyar nake jin kaina, na kira sunan yarinyar nan. Bakina bai saba ba, sai ya fito kamar sunan baƙuwa. Ba wanda ya ji, kuma ba zan maimaita shi a nan ba.

Da ruwan ya tsagaita muka tsince abin da ya rage. Malama ta kawo mini shayi mai citta. Na kwana da zazzaɓi.

Kashegari wajen la'asar na ji sallamar namiji a zaure. Surukina ne da kansa, ya durƙusa daga bakin ƙofa kansa a ƙasa, waya a hannu. Gabana ya faɗi, don bai taɓa zuwa da kansa ba, sai dai ya yi aike. Ya miƙa wa Malama wayar, Malama ta miƙo mini. Na kara a kunne na ji ana cewa Adda.

Wayar wani ma'aikacin agaji ta ara, don haka sauri take. Ta ce rufin gidajen ma'aikata ya tafi duka, kayanta ba abin da ya saura. Su a asibiti suka tattara marasa lafiya a wani lungu da ba taga, ruwa har ƙwauri, suna riƙe da gadaje. Ta ce can tsakiya abin ya yi tsit, har wasu suka ce ya wuce za su fita, aka hana su, sai ga shi ya dawo ta ɗaya gefen. Gilashi ya yanke ta a ƙafa, an ɗinke. Tsakar gidana ta cika da mata, kowa ya zuba mini ido. Na ce mata to madalla, ana samun abinci a wurin? Ta ce ana samu. Sai ta ce Adda, me ya sami muryarki? Na ce mura ce, ruwa ya doke ni jiya.

Ta yi dariya. Ta ce, "Ke da kike tura hadari?"

Na ce, "Wannan na bar shi ya sauka."

Wayar ta yanke. Na miƙa wa Malama, na ce a ba baƙo ruwa, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na daɗe ban fito ba, kuma ba wadda ta buga.

Shinkafar da muka tsince ta yi tsami, ta fito daga inji kamar tsaki. Ba ta sayuwa, mu muka cinye ta. Babarbariya ta riƙa auno mini daga tata tana haɗawa, tana cewa ba ta taɓa ganin baiwa mai tsada irina ba.

Da gari ya yi sanyi na sake zagawa gidan Malama, na ce ta ɗauko ƙwaryar nan. Ta ce ta wanke ta, kuma ba za ta ƙara ba. Na ce tambaya ɗaya ce: na bazara fa, shi ma yana kaiwa? Ta dube ni, sannan ta ce da wuya, a lokacin teku bai gama ɗumi ba, ko ya kai ba ya samun abin sha. Na sa ta maimaita.

Don haka yanzu da bazara ina kwantar da taɓaryata kamar yadda kakata ta koya mini, liman ya so ko bai so ba. Amma daga marka har a yanke gero tana cikin turmi. Bara wasu masu biki daga unguwar GRA suka aiko mota da goro a ƙarshen damina, na mayar musu, na ce su kafa rumfa mai ƙarfi. Shanya kuwa tun da sassafe muke bazawa, kuma da na ga audugar nan ta leƙo bayan Liji nake cewa a kwashe.